Ban iya zane ba, zan iya koya wa yara rubuta komik? Amsa ga Malama daga Agege

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da wannan tunani naki. Bari in maimaita tambayar a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba: kina koyar da lesin a Agege, kina da yara 'yan shekara 13 zuwa 17 maza da mata, duk sun haukace da katun ɗin Japan da komik ɗin da suke karantawa a waya, kina so ki yi amfani da dogon hutu ki koya musu su rubuta nasu, amma ke ko kaza ba ki iya zanawa ba, kuma babu kuɗin kwamfuta. Ta ina za ki fara?

Toh ni dai zane ne sana'ata a garin nan, kuma na zauna da samari da 'yan mata a kan wannan abu, shi ya sa zan faɗa miki kai tsaye cewa rashin iya zanenki ba shi ne matsalar ba sam. Abin da yaran nan suke buƙata daga wurinki abu biyu ne, su iya tsara labari a cikin akwatuna, wato gidajen da ake raba shafi ana zane a ciki, sannan su gama abin da suka fara. Zane zai zo da kansa, hannu yana faɗawa ne da yawan yi, amma yaron da bai taɓa kai labari ƙarshe ba ko ya fi kowa iya zana ido da gashi har yanzu bai yi komik ba.

Kuma ki sani a wannan harka mai rubutu daban mai zane daban abu ne da aka saba da shi tun da daɗewa. A Amurka a shekarun 1960 Stan Lee yana ba da gundarin labari ne Jack Kirby ya zana, daga baya a saka magana. Marguerite Abouet 'yar Kwaddibuwa da ta yi labarin Aya, wanda ya fara fitowa a 2005 a kan rayuwar 'yan mata a unguwar Yopougon ta Abidjan, ita rubutu ta yi, Clément Oubrerie ne ya zana. Roye Okupe ɗan Legas ɗin nan da ya kafa kamfanin komik na YouNeek Studios shi ma marubuci ne yana aiki da masu zane. Saboda haka a ajinki yarinyar da ta iya tsara zance ki haɗa ta da wadda hannunta ya faɗa, su yi aiki tare, kowa sunansa a bango.

Ranar farko kar ki yi musu lacca. Ki raba takardar A4 da biro, kowa ya ja layi ya raba ta gida huɗu, ki ce su ba ki labarin wani abu da ya faru da su a wannan satin, ba magana ko ɗaya, zane kawai, kuma mutum-mutumi na sanda ya isa, da'ira a matsayin kai da layi a matsayin jiki. Ki ba su minti 15. Sai a musanya takardu, kowa ya faɗi abin da ya fahimta daga ta ɗan'uwansa, mai takarda kuma ya yi shiru ba ya cewa "a'a nufina shi ne". Nan take za su ga inda labarinsu ya ɓace ba tare da ke kin ce komai ba, wani ya zana akwati uku duk abu ɗaya ne ke faruwa, wani ya tsallake abin da ya fi muhimmanci. Wannan dokar ta mai takarda ya yi shiru ki riƙe ta har ƙarshen hutu, domin ranar da littafi ya bar hannunsa ba zai bi mai karatu gida ya yi masa bayani ba.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, domin nan ne asalin sana'ar take. Komik ba ya nuna motsi, yana nuna lokuta ne da aka tsinto, mai karatu shi ke cike abin da ke tsakani da kansa. Wannan 'yar farar ratar da ke tsakanin akwati da akwati, wani mai zanen komik ɗan Amurka Scott McCloud ya yi dogon bayani a kanta a littafinsa na 1993, kuma duk wanda ya fahimce ta ya fahimci rabin aikin. Ki zana yaro ya ɗaga dutse yana kallon mangwaro, akwati na gaba ki zana shi yana gudu maigida na bin sa da tsintsiya ga gilashin taga a fashe a bayansu, ba ki nuna jifan ba amma kowa ya gan shi. Kamar mai iya ba da labari ne a majalisa da ya san daidai inda zai yi shiru ya bar mutane su ƙarasa. Abin da kike koyarwa kenan, me za a nuna, me za a bari.

Bari in ba ki misali da abin da kowane yaro a ajinki ya sani. Mama ta aiki yaro Mile 12 ya sayo tumatir da attaruhu, ya shiga danfo, kwandasta ya ce ba canji, da suka sauka sai ya haɗa shi da wani dattijo da bai sani ba ya miƙa musu takardar kuɗi ɗaya ya ce su je su raba, mota ta wuce. Labari ya samu, akwai wanda yake son wani abu, canjinsa, akwai abin da ya tare shi, akwai kuma abin da zai rasa in bai samu ba domin kuɗin cefane ne kuma ya san Mama. Ki ce su kasa shi gida shida. Yawancinsu za su ɓata akwati uku a kan Mama tana ba da kuɗi, yaro yana saka takalmi, yaro yana tafiya bakin titi, sai su zo wurin da labarin yake sun ƙare fili. Sai ki tambaye su, in muka fara daga hannun kwandasta yana miƙa kuɗin fa? Akwati na farko, hannu biyu sun kama takarda ɗaya, hannun yaro da hannun tsoho. Na biyu a ja baya a ga danfo ta tashi ga hayaƙi. Na uku fuskar yaron kawai, kusa sosai. Daga nan su suka san me zai faru, ko tsohon ya cuce shi, ko su yi ta yawo kasuwa suna neman canji har su saba, ko ya gano tsohon ma daga Katsina yake kamar kakansa. Kinga a nan kin koya musu kusa da nesa, kin koya musu shiga labari a makare, duk ba ki zana komai ba.

Girman akwati kuma lokaci ne. Ƙananan akwatuna a jere suna sa ido ya yi gudu, sun dace da tsere ko faɗa, babban akwati mai faɗin shafi yana tsayar da mai karatu, a nan ake saka abin da ake so ya zauna a zuciya. Shafi ɗaya akwati huɗu zuwa shida ya ishi mai koyo, in suka wuce tara abin yana cushewa. Sannan akwai dabarar juya shafi, a littafin boko idan ka buɗe idonka yana ganin shafi biyu lokaci guda, to abin mamaki ba a saka shi a shafin dama inda ido ya riga ya hango, ana ajiye tambaya a akwatin ƙarshe na shafin dama, amsar tana bayan an juya. Yara suna jin daɗin wannan sosai in suka gane. Af, kuma tunda 'yan manga ne, wato komik ɗin Japan, sun san daga dama ake karanta shi zuwa hagu, in kina da wanda ya iya ajami daga makarantar allo ki bar shi ya yi nasa da ajami daga dama, sai dai a juya duk dokokin nan, kuma wallahi ina so in ga irin wannan littafin a hannun yaro.

Maganar rubutu a cikin balan-balan ɗin magana. Kuskuren da kowa ke yi shi ne a zana balan-balan tukuna sannan a yi ta matsa kalmomi a ciki har su koma ƙwayar gero. A'a, a rubuta magana da fensir tukuna, sannan a zagaye ta, kuma a bar mata wuri tun kafin a zana mutane. Wanda ya fara magana ya tsaya a hagu, balan-balan ɗinsa ya zauna sama da na mai amsa, in ba haka ba mai karatu zai karanta amsa kafin tambaya. Akwai tsohuwar ƙa'ida a wurin masu wannan aiki cewa balan-balan ɗaya kar ya wuce kalma 25 ko kusa da haka, ni ga yara ina rage ta zuwa 15, kuma in hoto ya riga ya nuna abu kar baki ya maimaita, yarinya tana kuka kar a rubuta "ina kuka".

Wane harshe? Ni ra'ayina mai ƙarfi ne a nan, ki bar su su rubuta yadda suke magana. Yaron Agege ko Idi-Araba yana yi wa babarsa Hausa, ya yi wa kwandasta Fijin, ya gaida mai gidan haya da Yarabanci, duk kafin azahar, to me ya sa mutanen labarinsa za su riƙa magana kamar littafin Turancin makaranta? A cikin balan-balan kowa ya yi harshensa, a akwatin mai ba da labari kuma a yi Hausa mai tsabta ko Turanci mai tsabta, nan ne ke za ki saka jan bironki. Ki sa su tashi su karanta maganganun da ƙarfi kowa ya ɗauki mutum ɗaya, duk jimlar da ta sa aji dariya ba a wurin dariya ba a sake ta. Sannan ƙarar abubuwa, dan Allah kar su kwafo na Turawa, Hausa tana da nata cike da buhu: abu ya faɗi tim, ya faɗa ruwa tsulum, mari tas, tsuntsu ya tashi fir, ƙofa garam, gaba ya faɗi ras. Ki ba su aikin gida su tambayo kaka ko wani dattijo a zango irin waɗannan kalmomi su kawo. Kuma su rubuta haruffa da hannu, domin yawancin samfurin haruffan komik da ake saukewa kyauta a intanet ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati fanko ya fito a tsakiyar kalma.

Za ki sha fama da abu ɗaya, duk yaro zai zo miki da labarin da ya ce zai kai shafi ɗari biyu, jarumi mai iko bakwai da duniya uku da tarihin kakanni. Kar ki kashe masa gwiwa, ki ce ya rubuta duk wannan a wani littafi daban ya ajiye, amma a ajinki shafi takwas ne, yini ɗaya a rayuwar wannan jarumin. Kuma shafi takwas ɗin daga takardar A4 guda ɗaya ake fitar da shi: a ninke ta biyu sau uku har ta ba da gida takwas, a buɗe a bar ninki ɗaya na gajeren gefe, a saka almakashi daga bakin ninkin a yanka layin tsakiya zuwa rabi kawai, a buɗe a ninke ta ta tsawo, a turo gefe biyu ciki sai tsakiyar ta buɗe ta zama kuros, a kwantar da shafukan ya zama ɗan littafi. Ba sitefila ba gam. Bango ɗaya, baya ɗaya, shafi shida na labari, kuma duk zanen yana fuska ɗaya ta takarda, kenan fotokwafi ɗaya littafi ɗaya. Yaron da ya riƙe kwafi goma na littafinsa a sati na biyu ba sai kin roƙe shi ya dawo sati na uku ba.

Daga nan sai babban aiki na sauran hutun, shi ma kar ya wuce shafi 8 ko 12 na rabin A4. Tsarin shi ne labarin a jimla uku, sai sikirif, wato shafi na 1 akwati na 1 me ake gani wa ya ce me, sai ƙananan zanen gwaji kamar girman kwalin ashana don a ga tsarin shafi, nan ne ke za ki duba ki gyara domin gyara a nan ba ya cin komai, sannan fensir, sannan baƙin biro ko siririyar maka, a bari ya bushe a goge fensir. Kar ki yarda kowa ya tsallake zanen gwaji, masu iya zanen su ne suka fi son tsallakewa kuma su ne suka fi kuka daga baya.

Kwaikwayon manga kuwa, ki bar su, kowa da kwaikwayo ya fara. Sharaɗi biyu kawai, abin da ka kwafa na koyo ne ba a saka masa suna a ɗora a intanet, sannan duk sati a zana abu daga ido, mai shayi da tukunyarsa, yadda hijabi ke sauka a kafaɗa, yadda babbar riga ke tattaruwa in mutum ya zauna, raguna a kasuwa, gadar Pen Cinema, keke napep a cikin ruwan sama. Abin da ke damuna shi ne in ga yarinya baƙa kyakkyawa ta zana jarumarta da siririn hanci da gashi har gadon baya saboda ba ta taɓa ganin irin fuskarta a komik ba. Ki nuna musu cewa ana yi a nan. Wale Adenuga ya fara mujallar Ikebe Super a 1976 kuma daga cikinta Papa Ajasco ya fito kafin ya koma talabijin, ko da yake wannan ta manya ce ba ta aji ba. Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013 suna saka komik ɗinsu kyauta a intanet. Komik ɗin Malika na YouNeek daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau aka samo wani ɓangare na tunaninsa. Katun ɗin Iwájú da kamfanin Kugali suka yi da Disney ya fito a 2024 kuma Legas ce a ciki. Tarihinmu wasu suna ɗiba suna aiki da shi, mu kuma ga Gizo da Ƙoƙi, ga Bayajidda da rijiyar Kusugu, ga labarin yadda kakanninsu suka zo Ikko da fataucin goro da shanu, duk suna zaune ba wanda ya zana.

Iyaye. Ki je musu da maganar tun kafin a fara, kar su ji a bakin yaro. Wasu za su ce wasa ne ga WAEC da JAMB a gaba, ki nuna musu sikirif ɗin yaron, rubutu ne da taƙaita labari da tsara tunani, abin da ake tambaya a jarrabawa kenan. Wasu kuma za su kawo maganar zanen abu mai rai a addini, wannan ba ƙaramar magana ba ce kuma ni ba malami ba ne da zan ba da fatawa, malamai sun yi bayani a kai kuma akwai saɓani, kowane gida ya bi malamin da ya yarda da shi, kar ki ja da uba a kan ɗansa. Yaron da gidansu ba su yarda ba yana da wuri a ajin, ya zama marubuci, ko mai rubuta haruffa, ko mai zana gidaje da motoci da kasuwa a baya, kuma na ga labari mai kyau da aka yi shi da takalma kawai a ƙofar masallaci, ba fuska ko ɗaya.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma zai zo. Samari da 'yan mata in suka sami fili suna zuba abin da ke cikinsu, za ki ga duka, za ki ga 'yan agbero, wato 'yan tasha, soyayya, wani lokaci abin da ke faruwa a gida. Kar ki yaga kar ki yi wa'azi a gaban aji. In labari ya yi kama da yaron yana faɗin abin da ake yi masa ne, ki kira shi gefe ki saurara, in abin na cutarwa ne ki kai ga babban da ya dace. Doka ɗaya da ba sassauci, ba a zana ɗan aji ko malami ko wata ƙabila don a yi musu dariya, a Agege muke zaune da kowa.

Waya da manhaja sai daga baya. Akwai ibis Paint X da MediBang Paint da ake zane da su a waya kyauta, akwai Krita a kwamfuta, masu son irin na Webtoon, komik ɗin waya da ake ja sama, kuma tsarinsa daban ne domin ba juya shafi, tazarar da ke tsakanin akwatuna ce ke yin aikin. Amma a hutun farko takarda ta fi, ba ruwanta da wuta ko data, kuma kina ganin abin da kowa ke yi. Hotunan da AI ke haɗawa ban yarda da su a ajin masu koyo ba, domin zaɓin me za a nuna shi ne darasin, in na'ura ta zaɓa yaro bai koyi komai ba. In za a ɗora aikin yara a intanet a nemi izinin iyaye, ba cikakken suna ba sunan makaranta.

Wajen bugawa, mai fotokwafi na unguwa ya isa, baƙi da fari, sai dai ki tabbatar an bi layi da baƙin biro sosai domin inji ba ya ɗaukar fensir da kyau, kuma a bar fili kamar faɗin yatsa a gefen takarda kar ya yanke magana. In kuna so ku haɗa na kowa a littafi ɗaya ku kai Shomolu wurin masu ɗab'i, ki tuna littafin da ake ɗinkewa da sitefila a tsakiya dole shafukansa su rabu da huɗu, 16, 20, 24, haka, ki ƙirga tun a gida kuma ki nemi su fitar miki da kwafi ɗaya ki duba kafin su buga sauran.

Ranar ƙarshe ki gayyato iyaye, a shimfiɗa littattafan a tebur kowane yaro ya tsaya bayan nasa, a saka ɗan kuɗi kaɗan ko na fotokwafi ne ya dawo. Wanda bai gama ba a buga iya inda ya kai da fensir ɗinsa a rubuta "za a ci gaba", kar a bar shi a baya. In hali ya yi ki kai waɗanda suka fi naci Lagos Comic Con, taron masu komik na Legas, Ayodele Elegba ne ya fara shi a 2012, a can za su ga masu wannan aiki ido da ido su nuna musu shafukansu, wanda kuma ya ce shi wannan zai karanta ki faɗa masa akwai sashen zane a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, amma kar ki yi wa kowa alkawarin kuɗi, yawancinmu da zanen talla da bangon littafi da aikin katun muke haɗawa. Asalin shafukan kuma ki sa kowa ya rubuta kwanan wata a baya ya ajiye a fayil na roba saboda damshin garin nan yana cin takarda. In kun yi na gida huɗun nan na ranar farko ki ɗauki hoton guda biyu ko uku ki turo, ba sunan yara, zan duba in faɗa miki abin da za ki taɓa a sati na biyu in sha Allah.